Na Ce Ubangiji Ya Faɗa, Alhali Bai Faɗa Ba

Salama a gare ku, mai kula da wannan shafi da masu karatu. Ku ɓoye sunana, kuma ku kai ƙarshen takardar kafin ku yanke mini hukunci, ko da yake babu abin da za ku faɗa wanda ban riga na faɗa wa kaina ba. Na san yawancinku Musulmi ne kamar maƙwabtana. Ni Kirista ce, Bahaushiya, asalinmu wani ƙauye a bayan Tsafe, ina ɗinki a Tudun Wadar Gusau tun rasuwar mijina. Ku na rubuto wa saboda a majami'armu sirrin da ka faɗa wa mutum ɗaya da safe, kafin yamma ya zama batun addu'ar kowa.

Ni addu'ata hira ce. Ina taka keken ɗinki ina magana da Ubangiji yadda nake yi da Babana a da, in kai ƙara, in yi mita, har gardama muna yi. Yana kuwa amsawa. Ba murya nake ji a kunne ba, magana ce take sauka a zuciyata ta zauna daram, kuma ina gane tasa ce don yawanci abin da ba na so ne. Shi ya taɓa tura ni neman gafarar matar da na zaga a kasuwa, alhali ita ta fara. Shekara ashirin muna haka, dangi duk sun sani, kuma ban taɓa ƙara masa ko kalma ɗaya ba sai bana.

Yayana dattijo ne a majami'ar ƙauyenmu. Matarsa a asibiti ta rasu shekarar da aka ba mu jiha, tun ranar ya ɗora wa asibiti karan tsana, ya ce a gidansa addu'a kaɗai ta isa. Da damina 'yarsa, bari in kira ta Rifkatu, mai shekara goma sha huɗu, ta kama tari. Da na je na tarar ta zama ƙashi da rai, tana tofar da jini a tsumma tana ɓoyewa kada uban ya gani. Na roƙe shi, na yi kuka, ya ƙi. Da na ishe shi sai ya ce, "Ke dai Ubangiji shina amsa miki. Tahi ki tambaye shi. Abin da yac ce, shi za ni yi."

Kwana uku na yi ina azumi, shiru. Na durƙusa, shiru, na hau keke na taka har ƙafata ta kumbura, shiru. Na ce masa, "Ka yi mini magana a kan zagin kasuwa, yau da ran yarinya ne ka yi gum?" Har a motar Tsafe ina kasa kunne, ban ji komai ba sai faɗan direba da fasinja a kan wahalar mai. Na tarar da Yaya a ƙofar gida, tarin Rifkatu yana fitowa ta bayan danga. Ko gaisuwa bai bari mun gama ba ya ce, "Mi yac ce?"

Na ce, "Ya ce a kai ta asibiti gobe, ta sha magani har ya ƙare."

Bakina ko rawa bai yi ba. Yaya ya cire hula, sannan ya ce, "To, shi ke nan."

Tarin fuka ne. Likita ya ce wata takwas za ta yi tana shan magani, kuma in aka yanke a tsakiya ciwon zai dawo fiye da da. Yau wata huɗu ke nan tana wurina, ta yi kumatu, har tana ɓata mini yadi wai koyon ɗinki take yi. Ina jin kunya? Ƙwarai. Na jingina wa Ubangiji maganar da bai faɗa ba, na kuwa san nauyin hakan tun ina yarinya. Amma nadama ba na yi, kada wani ya rubuto ya ce in yi. In zauna jiran amsa har a haƙa kabari? Shi ya yi shiru, ni na yi magana, kuma in aka mayar da ni ƙofar gidan nan gobe abin da zan sake faɗa ke nan.

Duk wata huɗun nan muna gaba, ni da Ubangiji. Ina gaishe shi da safe yadda ake gaishe da maƙwabcin da aka ɓata da shi, in ci gaba da aikina. Sai ranar Talatar da ta wuce, ina tsakar yanka yadi, maganar ta sauka yadda ta saba: je ki faɗa wa yayanki. Na ajiye almakashi na ce, "Au, yanzu ka ga damar magana?" Na ce ya ba ni wata huɗu, ranar da Rifkatu ta haɗiye ƙwayar ƙarshe zan je da ƙafata in faɗa, ko korata za a yi daga majami'a. Amsar ba ta canja ba. Na ce masa a'a. Ni da ban taɓa ce masa a'a ta kwana ba, ga shi ta yi mako.

Abin da ya tayar mini da hankali har na ɗauki biro shi ne Yaya ya zo jiya, ya ce Lahadin ƙarshen wata zai yi godiya a majami'ar ƙauye, kuma ni zan tashi gaban jama'a in ba da shaidar yadda Ubangiji ya yi mini magana. Ya dubi ledar maganin a kan taga ya ce, "In ba don daga bakinki ta hito ba, da ƙwayoyin ga yau suna cikin masai." Na san yayana, ba wasa yake yi ba. Bayan ya tafi Rifkatu ta matso kusa da keke ta ce, "Gwaggo, in na warke ki koya mini yadda ake jin shi." Na ce ta miƙo mini zare, don ban iya kallon idonta ba.

In na tashi ran Lahadi, na maimaita ƙaryar a ɗakin Ubangiji, bayan ya riga ya faɗa mini abin da yake so. In na ƙi zuwa, Yaya zai tambayi dalili. In na faɗi gaskiya, zai sa 'yarsa a gaba su koma ƙauye da sauran magani wata huɗu. Na tambayi wanda ya aike ni ko yarinyar za ta rayu in na yi biyayya, wannan kam bai amsa ba. To ku da kuka ji duka, me zan yi?