Har Shanu Su Dawo Gida

Zuwa ga Enid, hasken idona, furen farko da ke leƙowa a tsaunin Swaledale in ƙanƙara ta narke, sanyin ruwan rafinmu,

Ina gaishe ki da zuciyar da ta ƙi kwanciya. Jiya ƙanwarki ta tsaya a bakin garke ta ce jirgin ruwan da zai kai ki Kanada zai tashi daga Liverpool ranar Alhamis. Na ajiye bokitin madara. Kanada, Enid! Ashe Bradford da masaƙarta ba su ishe ki nisa da ni ba?

Kin tuna ranar da kika tafi? Muna jingine da katangar dutse, yayyafi yana jiƙa gashinki, kika ce, "Wilf, ka yi ta roƙona har shanu su dawo gida, ni ba zan tsufa ina wankin bokiti a kan tsaunin nan ba." Dariya na yi, wawa da ni. Yau maganar tana cina kamar tsatsa.

Mutanen birni suna faɗinta da nufin har abada, don ba su taɓa kiwo ba. Kakata ce ta gaya min asalinta. A da, in ciyawa ta tofo sai a kora shanu can saman tsauni, ba a sake ganinsu sai sanyi ya fara kaɗawa, kuma ko a lokacin sai sun ga dama: su tsaya nan su ci, su kwanta can su yi tuƙa, mai jira ya gaji ya nemi wurin zama. Ba wai ba za su zo ba ne, jira ne za ka sha. Kada ki haɗe rai, ban kira ki saniya ba! Amma da wannan fassarar na rayu wata goma sha huɗu, ina duban hanya safe da yamma. To, yanzu fa? Wace saniya ce ta taɓa ƙetare teku ta dawo?

Kin sha yi min gorin cewa tatsa ta ɗaure ni kamar igiya. Gaskiyarki. Shekara goma sha ɗaya ban tsallake ko ɗaya ba, har ranar da aka binne mahaifina. Amma na ajiye girman kai na roƙi maƙwabcina Seth ya tatsa min shanun ranar Alhamis. Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Tatsa biyu kawai, malam saurayi, safe da yamma. Bayana ba irin naka ba ne."

Don haka ranar Alhamis zan tsaya a bakin tashar jirgin ruwan cikin rigar da nake zuwa coci. Don Allah, rabin raina, in kin hango ni ki tsaya, ko na minti ɗaya ne. In kuma kin wuce, ba zan ɗaga murya ba, ba zan riƙe hannunki ba. Zan hau jirgin ƙasa na yamma in koma, don da safe akwai tatsa, kuma ba macen da za ta shiga gidan nan a bayanki.

Naki har a haƙa min rami kusa da na mahaifina,
Wilf