A Bar Fada

Uwata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya. Ya aikin asibiti? Mu nan ƙalau, sai gwiwar nan tawa da ta ƙi jin magani. Na rubuto ne domin a waya ba kya tsayawa, kullum "Mama, ana kirana." To ga takarda, ki karanta ta a zaune.

Ranar Lahadi bayan addu'ar Mas a coci aka buɗe allon tunawa da babanki, a bangon ofishin makarantar Katolika, daidai inda iyaye ke jiran Sista, shugabar makarantar. Na tagulla ne, ya yi kyau. A sama an rubuta Asusun Lauya Domin Karatun Yara, a ƙasa kuma maganar nan tasa da duk unguwa ta haddace: a bar faɗa. Da Sista ta janye ƙyallen sai wuri ya kaure da dariya da tafi, wasu na share hawaye. Mai gidan burodi da maƙwabcinsa, waɗanda babanki ya sasanta kan magudanar ruwa, suna tsaye kafaɗa da kafaɗa kamar ba su taɓa jifan juna da bokiti ba.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Kin san tsarin: ba a taɓa uwar kuɗin, ribarta ke biyan makaranta, kuma ba yaron da za a ɗauka sai mu uku mun sa hannu, ni da ke da Fada, limamin cocinmu. Yarinyar farko ita ce 'yar mai facin bakin titi, wanda babanki ya hana a rushe wa rumfa. Ta ci jarrabawa. Na sa hannu, kin sa. Fada kuwa ya dawo da takardar ta hannun katikis, mai taimaka masa a coci, ba sa hannu, ba magana.

Ni na san dalili. Sabon Fadan nan bai san babanki ba, bayan rasuwarsa aka kawo shi. A taron kwamiti ya tambaya ko asusun na 'ya'yan Katolika ne kaɗai. Na ce masa mijina bai taɓa tambayar mutum inda yake ibada kafin ya buɗe masa fayil ba. Na ɗan ɗaga murya, ban musa ba. Mai faci kuma ba ɗan cocinmu ba ne. Sai ki haɗa da kanki.

Sista ta ce in aka koma makaranta takarda ba ta cika ba, gurbin na mai bi mata ne. Ki ce wani abu.

Ki huta lafiya.
Mahaifiyarki

*

Zuwa ga Malama, 'yar marigayi Lauya,

Salamar Kristi ta kasance tare da ke. Ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ki gafarta mini idan Hausata ta yi kama da ta littafi, domin a littafi na koye ta.

Na karɓi saƙon iyalinku da ke jikin allon, kuma na fahimce shi. Da na fi so a faɗa mini a ofis, maimakon a zana shi a tagulla a gaban ikilisiya, mutane suna dariya, ni ina tsaye a gaba da ruwan albarka a hannu. Amma asusun naku ne, kuma ba ni da ikon yin fushi. Na janye hannuna kamar yadda aka bukata.

Abu ɗaya nake so ki sani. Tambayar da na yi a taro, na yi ta ne domin a rubuta amsar a fili, kada wani ya zo bayana ya rufe ƙofa. Yarinyar nan ni na duba takardar jarrabawarta. Akwai lissafi guda da ta warware ta hanyar da ban taɓa gani ba, sai da na sake bi kafin na gane ita ce da gaskiya. Ina roƙonku ku hanzarta naɗa wanda zai maye gurbina, domin kada ta rasa wurinta saboda ni.

Allah ya ba mahaifinki hutawa ta har abada.

Naku cikin Kristi,
Fada

*

Mama,

Ina gaishe ki da kyau, ya gwiwa? Ki riƙa shan maganin bayan abinci, ba lokacin da kika tuna ba.

Takardarki da ta Fada rana ɗaya suka iso. Na shimfiɗa su gefe da gefe a teburin ɗakin hutunmu, na karanta wannan, na karanta waccan, har abokiyar aikina ta tambaye ni ko sakamakon gwaji ne mara kyau. Ke kin ce ya ƙi yarinyar. Shi ya ce yana son yarinyar, mu ne muka kore shi, kuma a jikin allo muka rubuta korar. Babu ɗayanku da ya yi mini kama da mai ƙarya, amma ba yadda za a yi ku biyun ku kasance a biki ɗaya.

Mama, don Allah ki gaya mini gaskiya, ba zan yi fushi ba. Bayan taron nan da kika ce kin "ɗan" ɗaga murya, kin koma wurin mai allon kin ƙara wani abu? Na san ki. Me aka rubuta a kan Fada?

Ki gaida Sista.
'Yarki

*

Uwata,

Na amsa gaisuwarki. Amma ni za ki tuhuma? Ni da na haife ki?

Ba a rubuta komai a kan Fada ba. Sunansa ma ba ya wurin. Da na karanta takardarki sai na ce, af, ashe abin ke nan, mutumin nan haushi yake ji ba a sa sunansa ba! Na ɗaura ɗankwali na tafi gidan Fada da gwiwata. Na same shi a baranda yana ba tsirrai ruwa. Na ce, "Fada, in don allo ne, a yi haƙuri, za mu sa sunanka, da manyan baƙaƙe ma." Uwata, sai da butar ta kusa faɗuwa daga hannunsa. Ya ce, "Mama, ai girman da yake da shi yanzu ya isa." Na ce wane girma, ai babu shi. Ya ce akwai. Na ce babu. Ya ce shi dai ya karanta da idonsa, kuma ya yafe. Me ya yafe? Na dawo gida kaina na juyawa, har na wuce ƙofarmu.

Na fara tunanin ko azumi yake yi ya yi masa yawa. Katikis ya ce a'a, yana cin abinci sosai.

Jiya mai faci ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shigowa saboda baƙin mai a hannunsa. Ya ce tela ya gama ɗinka kayan makaranta, yarinyar ta gwada ta ƙi cirewa. Ya ce, "Uwar gida, in akwai matsala ki faɗa mini tun yanzu, in san yadda zan gaya mata." Na ce babu matsala. Ban san dalilin da ya sa na ce haka ba. Ranar Litinin ake komawa.

Ga hoton allon nan na sa a ciki, ki nemo sunan Fada ki nuna mini.

Mahaifiyarki, wadda ba ta ƙara komai ba

*

Zuwa ga Fada,

Ina gaisuwa da girmamawa, da fatan Fada yana lafiya. Direban motar safe zai kawo wannan hannu da hannu, don lokaci ya ƙure.

Na ga hoton allon. Fada ya karanta daidai: A BAR FADA. Mama ma ta karanta daidai, domin ita da kunne take karanta shi. Abin da ya ɓace ƙugiya ce guda a kan harafin D. Injin mai allon ba shi da ita, mu kuma ba wanda ya lura, saboda duk wanda ya san Baba muryarsa yake ji in ya kalli wurin.

Baba lauya ne da ya fi son a ƙare magana a falonmu da a kai ta kotu. Mutum biyu za su shigo suna huci, ya ba su kujera ɗaya doguwa don dole su zauna tare, ya cire tabarau, ya ce, "To, a bar faɗa." Rigima yake nufi. Har yara kan bi shi a titi suna kwaikwayonsa. Dariyar da Fada ya ji ran nan ta tunawa da Baba ce, ba ta Fada ba.

Ba mu kori kowa ba. Mama ta zaci an ƙi yarinyar don ba 'yar coci ba ce, shi ya sa take gaisuwa a taƙaice. Takardar tana wurin Mama, katikis zai karɓo ta. Ina roƙon Fada ya sa hannu kafin Litinin.

Da neman albarka,
'Yar Lauya

*

Uwata,

Gaisuwa. Yarinyar ta shiga aji. Fada ya sa hannu, ya kai wa Sista takardar da kansa, sannan ya biyo nan ya zauna a doguwar kujerar babanki, muka rasa wanda zai fara ba wani haƙuri.

Mai allon ya zo ya sa ƙugiyar da hannu. A kan B ya sa ta. Yanzu A ƁAR FADA ne, katikis ya ce wannan ta fi ta farko muni, kamar cewa ake a zubar da shi. Fada ya yi dariya har ya dafa bango, ya ce kada a ƙara taɓawa. Na ce to yanzu me za a bari, allon, ko faɗan, ko kai? Ya ce duka ukun.

Ki huta lafiya.
Mahaifiyarki