Ƙarar Keken Gwaggo

Talata, 11 ga Maris, ƙarfe ɗaya da kwata na rana
Ɗakin cin abincin ma'aikata, hawa na biyu

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Anti da yara, da aikin sutudiyo. Na rubuto a takarda ne saboda ranar da aka ɗauke mu aiki mun sa hannu cewa kamfani na iya duba wayoyinmu, ni kuma ba a tabbatar da ni a aikin ba tukuna. Direban motar safe zai kawo maka. Don Allah kada ka ɗauki hotonta.

Ka san aikina, amma bari in maimaita don kada a samu kuskure. Kamfaninmu ne ke kula da haƙƙin mallakar mawaƙa, har da waƙoƙin da kake haɗa wa kiɗa. Muna da na'ura mai sauraron bidiyon da ake ɗorawa a intanet. In ta ji abin da ya yi kama da namu sai ta turo mana, mu kuma mu danna "an tabbatar" ko "ba namu ba ne". Sabuwar dokar hana satar fasaha ta ce duk shafin da aka tabbatar wa laifi sau uku a goge shi ƙurmus. Ba kotu, ba a kiran mai shi.

Yau da ƙarfe goma sha ɗaya saura minti takwas wani ƙorafi ya faɗo a kwamfutata. Shafin Gwaggo ne na koyar da ɗinki, bidiyon yadda ake sa zif a bayan riga. Labulen shagon na fara ganewa kafin in ga sunan.

Na duba baya. Watan jiya an riga an buga mata laifi biyu a teburin abokan aikina, kuma su biyun gaskiya ne. Waƙar nan taka da ta yi tashe bara ce ke tashi a wayarta tana ɗinki, har tana ce wa ɗalibanta, "Ɗana ne ya haɗa kiɗan nan." Wannan na gabana shi ne na uku. Tun da ya shigo an kulle shafin, ba mai iya kallo, ita ma ba ta iya sauke komai.

Na saurari guntun da na'ura ta yanko sau shida. Ban ji waƙa ba. Ƙarar keken ɗinki ce kawai, da muryar Gwaggo tana cewa a riƙe yadi da kyau. Amma na'ura ta rubuta cewa kashi casa'in da huɗu cikin ɗari kiɗanka ne. Shugaban sashenmu ya ce duk abin da ya haura casa'in a danna kawai, ba don gardama da na'ura aka ɗauke mu ba.

Ban danna ba. Na sa shi a layin jira, ƙa'ida ta ba ni zuwa Juma'a 21 ga wata, ƙarfe huɗu. Ba zan tabbatar da abin da ban ji ba. Ina kuma tsoron cewa "ba namu ba ne", ko da akwai abin da kunnena bai kama ba, don dokar ta ce ma'aikacin da ya saki mai laifi da gangan shi ma ya yi laifi.

Abin da nake roƙo: ka rubuto takardar izini cewa ka yarda Gwaggo ta yi amfani da kiɗanka. Da ita sai in rufe maganar. Yaya, shekara huɗu na yi ina karanta shari'a, ban taɓa cin karo da hukuncin da ake yankewa ba a tambayi mai shi ko kalma ɗaya ba, sai a nan.

Ƙaninka,
Auta

*

Alhamis

Malam Lauya,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, Antinka na gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci.

Na ga takardarka, har da minti takwas ɗin. Wato yanzu doka ce ta yi laifi? Kai fa kana makaranta lokacin da nake wucewa ta bakin kasuwa in ji kiɗan da na yi wata uku ina haɗawa yana tashi a rumfar masu tura waƙa, mai rumfar ma bai san ni ba, har ya ce in kawo wayata ya tura mini. Ka manta shekarar da na rufe sutudiyo na koma gyaran lasifika? Mu muka yi ta sintiri a rana da kwalaye a hannu kafin a yi dokar nan. Su masu kukan 'yancin intanet, a cikinsu wa ya taɓa kwana yana gyara sautin ganga ɗaya? 'Yancin kwasar gumin wasu suke nufi. Duk dokar da ka ce sai an je kotu a kan kowane ɓarawo, to ka ce kada a yi ta kawai, don jikokina ne za su ji hukuncin.

Na'ura kuma ba ta san Gwaggo ba balle ta yi mata sharri. In ta ce ta ji, ta ji. Ka san halin Gwaggonka, ta rage murya ne ta tura wayar ƙarƙashin yadi.

Maganar izini, da a hannuna yake da tuni na rubuta, uwa ce. Amma ka fi ni sanin abin da na sa wa hannu. Ranar da na shiga kamfaninku na miƙa musu komai, ko a sunan ɗana zan sa kiɗan nan sai na tambaye su. Na kira ta na yi mata bayani. Ba wani tashin hankali ba ne. In an goge, ta buɗe sabon shafi ta sake ɗora bidiyoyinta, ta bar kunna waƙa. Kai kuma ka danna abin da aka ce ka danna, ka riƙe aikinka. Ba a samun irinsa a kan titi.

Yayanka

*

Asabar, daga shago

Auta ɗana,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Yaya aiki, yaya haƙuri da mutanen ofis? Ka yi haƙuri da takardar, bayan takardar yankan hannun riga ce, ita na samu kusa.

Injiniya, yayanka, ya kira ni yana ta faɗa kamar ni na haifi masu tura waƙa. Wai in sake ɗorawa. In ɗora me? Wayar nan tawa da na ɗauki bidiyo uku sai ta ce ta cika. Shekara shida ke nan, in na ɗora sai in goge na waya in samu wurin na gaba. Ai ce mini aka yi abin da aka sa a intanet ba ya ɓata. Darasi ɗari biyu da wani abu, tun daga zare allura har kwat ɗin maza, babu ko ɗaya a hannuna. Can suke duka, a inda ka ce an kulle.

Tun Talata wayata ba ta huta ba. Akwai wata da ta karɓi ɗinkin kayan makaranta, ta kai wuyan riga ta tsaya, don darasin kwala take bi. Jiya sai da na yi mata bayanin kwala ta waya, ina nuni da hannu kamar tana ganina.

Na farko da na biyu na yarda, na kunna. Waƙar ɗana ce, a shagona, a wayata, ban sayar wa kowa ba, amma na yarda. Da gargaɗi na biyu ya zo kuwa ko rediyo ban ƙara kunnawa ba. Mai shagon kusa ma in zan ɗauki bidiyo sai na leƙa na roƙe shi ya kashe tasa. Wai na tura waya ƙarƙashin yadi! Ni? Ka ce wa yayanka ni na yi masa wandon makarantarsa na farko, ban kai shekarun da zan fara yi masa ƙarya ba.

Babu abin da ke ƙara a bidiyon nan sai ni da kekena. Shi kuma keken ka san shi, tun da aka kayar da shi a mota ranar tashinmu daga tsohon shago sandar ƙafarsa ta ɗan lanƙwashe, yake ɗingishi, taku uku daidai na huɗu da ƙwas. Ban gyara ba don da shi nake gane saurina. Shi Injiniyan da ke kirana mai laifi, ba shi ne shekara biyu da suka wuce ya zo ya kwanta a ƙarƙashin keken nan da makirfo kamar makanike ba, ya ce in yi ta takawa? Rabin ƙwaryar zare na ɓata masa a kan tsumma. Na ce me za ka yi da shi, ya ce wasa yake. Ko ruwa ban ce ya saya mini ba.

Kada ka jefa aikinka a wuta saboda ni. Amma in akwai wanda ake gaya wa magana a wurin nan naku, mutum mai kunne, ka gaya masa ban saci komai ba.

Allah ya yi maka albarka.
Gwaggonka

*

Litinin, 17 ga Maris, ƙarfe bakwai saura kwata na safe
Tashar mota, kafin in wuce ofis

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali. Na haɗo maka da takardar Gwaggo, ka karanta sakin layi na biyar.

Jiya na sa abin kunne na saurari waƙarka daga farko zuwa ƙarshe, sau uku. A ƙarƙashin ganga akwai wani taku da ba ya tsayawa, uku daidai, na huɗu da ƙwas. A kan takun nan na yi barcin rana duk yarintata, kai ma haka. Ban san yadda aka yi ban taɓa ganewa ba.

Na'ura ba ta yi ƙarya ba, ka yi gaskiya. Keken Gwaggo ta ji a waƙarka, ta kuma ji shi a shagon Gwaggo, sai ta ce shagon ne ya sata, don kai ka riga ka yi rajista. Ke nan ko an saki wannan, duk bidiyon da ta taka keke a ciki zai iya faɗowa gobe, kuma kusan dukansu ne.

Ban ce wahalar da ka sha ƙarya ba ce. Na tuna shekarar lasifika. Amma ka ɗauki sautin mutum ba ka tambaye ta ba, ka ce wasa kake, ka miƙa wa kamfani, yau kamfani na shirin goge aikinta na shekara shida a kan ta saci ƙarar kekenta. In mai rumfa ne ya yi maka haka, wane suna za ka kira shi?

Ba izini nake nema yanzu ba. Layi biyu nake so da sa hannunka: cewa takun da ke waƙar a shagonta ka ɗauka, da watan da ka ɗauka. Takardar ta iso gare ni kafin Juma'a.

Ƙaninka,
Auta

*

Laraba

Auta,

Salam. Na karanta. Keken ne. Wallahi na manta, a raina ganga ce kawai.

Amma a takardar da na sa wa hannu na rantse duk sautin da ke ciki nawa ne. In na rubuta abin da kake so, za su iya janye waƙoƙina duka su kuma maka ni a kotu. Ina da yara uku. Ka ba ni lokaci in ga lauya, na gaske, ba kai ba.

Zan tura mai gyara ya miƙe mata sandar, ƙarar ta canza, a huta. Ban iya kiran ta ba tukuna.

Yayanka

*

Juma'a, 21 ga Maris, ƙarfe biyar da minti goma na yamma
Bencin da ke gaban ofis

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da aiki, da fatan kina lafiya.

Takardar Yaya ba ta zo ba. Da ƙarfe huɗu saura minti tara na danna "ba namu ba ne". A gurbin dalili na rubuta: babu waƙa a bidiyon nan, ƙarar keken ɗinkin mai shafin ce, kuma keken ya girmi waƙar. Ban ambaci Yaya ba, ban kuma rubuta abin da ba haka ba. Na sa sunana.

Shafin ya buɗe, na gani da idona. Gobe da motar farko zan zo da kwamfuta mu sauke darussan duka. Kada ki goge komai, kada ki ɗora sabo. Ki gaya wa mai kwala ta yi sauri.

Shugaban sashe ya karanta dalilin a tsaye a bayana. Ya ce tun da aka kafa wurin nan ba a taɓa sakin kashi casa'in da huɗu ba, in same shi ofis Litinin ƙarfe tara.

Ga abin da ban sani ba har yanzu:

Ko za su soke abin da na danna kafin mu gama saukewa.

Bidiyo nawa na'ura za ta sake turowa, da teburin wanda za su faɗa.

Ko ina da aiki ranar Talata.

Ko Yaya zai sa hannu. Ya ce zai turo mai gyara ya miƙe sandar keken. Ban sani ba ko za ki bar shi ya shigo.

Ko doka ta ba ki izinin taka kekenki a gaban waya. Na karanta ta sau biyu, ban ga inda ta ba ki ba.

Ki taka, Gwaggo. Sai na iso.

Ɗanki,
Auta