A Ɗaga Malam Hodi

Argungu, 6 ga Fabrairu

Yaya Musaddiq,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya da Anti Maimuna da yara. Ga buhun albasa nan hannun Labbo direba. Na rubuto ne don maganar ta fi ƙarfin waya, kuma ka san ni, in raina ya ɓaci baki na riga hankali.

Yaya, an cire muna Malam Hodi. Shugaban makarantar su ɗiyata Adawiyya, wanda kake ji ina yabo kullum. Ranar Litinin takarda ta zo daga ofishinku na ilimi, wai an mayar da shi wata makarantar ƙauye. Shekara tara mutumen ga yana tare da mu. Shi ne ya gane cewa lokacin dashen shinkafa ɗiyanmu na fadama da safe, sai ya mayar da shiga aji ƙarfe goma, ana ramawa ranar Asabar. Kafin shi, rabin aji ke watsewa duk rani. Don shi Adawiyya ta kai aji shida.

Mun san masu aikin. Malamai sun daɗe suna ƙorafin ya cinye musu Asabar. Kuma a taron bara, gaban kowa, Malama Zuhura ta tashi ta ce masa makaranta ba gona ba ce. Eh, Zuhurata, wadda munka tashi tare, mai koyar da Hausa. Da iyaye sunka taru jiya, ni na fara ambatar sunanta, kuma ban yi nadama ba. Yanzu mun sa kwaɗo a ƙofar makaranta, ba ɗan da za ya shiga sai an maido muna da shi.

Abin da ya fi ƙona min rai, ko wata uku ba a yi ba da munka aika ofishinku takardar yabonsa, ni na rubuta da hannuna a matsayin sakatariyar iyaye mata. Ashe ƙorafin malamai ya fi namu nauyi.

Don Allah ka duba muna fayil ɗinsa, ka gaya min wa ya kai ƙara. Sunan kawai nake so.

Ƙanwarka,
Riskuwa

*

Gwadangaji, 10 ga Fabrairu

Riskuwa,

Wa alaikumus salam. Albasa ta iso, Allah ya sa albarka. Maimuna na godiya.

Na karanta takardarki sau biyu. Fayil ba ya teburina, amma zan nema. Kafin nan ina ba ki shawara: ku cire kwaɗon nan. Yara na da jarrabawar fita a gaba, kuma ofis ba ya son a nuna masa yatsa. Sannan ki riƙe bakinki a kan Zuhura. Wanda ya yi gardama a fili ba lallai shi ne ya kai ƙara a ɓoye ba. Tun kina ƙarama kike yanke hukunci kafin a gama ba ki labari.

Ki gaida mai gidanki da Adawiyya.

Yayanki,
Musaddiq

*

Argungu, 19 ga Fabrairu

Yaya,

Ina gaisuwa. Shawararka ta iso, amma ta tarar ruwa ya riga ya ƙare wa ɗan kada. Kai kana ofis ƙarƙashin fanka, ba ka ga idon iyaye ba.

Malamai sun ce su ma ba za su koma aji ba sai an ba su haƙuri, wai an zage su. Sun rantse ba su rubuta komi ba. To wa ya rubuta, aljanu? Sabon shugaban da anka turo ya zo ya tsaya bakin ƙofa da jakarsa, ya duba kwaɗo, ya koma tasha.

Zuhura ta haihu, mace. Shekaranjiya anka yi suna. Matan unguwa sun haɗa baki ba mai zuwa, ni ma ban je ba, ko barka ban aika ba. Mubina maƙwabciyarta ta ce tun asuba aka ɗora tukwane, har la'asar tabarmi na shimfiɗe ba kowa sai dangin miji. Ni na yi mata zaman biƙi a haihuwarta ta fari. Amma wanda ya shuka ƙaya ba ya tafiya ba takalmi.

Adawiyya ta daina yi min magana sai gaisuwa. Kullum tana ɗaki da littafi, tana ƙirga kwanakin jarrabawa a bango.

Ina jiran sunan nan, Yaya.

Riskuwa

*

Gwadangaji, 24 ga Fabrairu

Riskuwa,

Assalamu alaikum. Ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karatu.

Na samu fayil ɗin Malam Hodi. Na juya shi shafi-shafi. Babu takardar malami ko ɗaya a ciki. Takarda ɗaya ce tak ta shigo a kansa, kuma ina ganinta na gane rubutun, don ni na koya miki riƙon alƙalami.

Ga kan takardarki yadda yake: "Roƙon iyaye a ɗaga Malam Hodi." A ciki kuma kin ce: "Shekara tara ke nan yana wuri ɗaya. Mu iyaye mun ga ya isa haka, muna roƙo a ɗaga shi ba tare da ɓata lokaci ba." Ƙarƙashi ga dangwalen yatsa ɗari da arba'in da uku.

Na san abin da kike nufi: a ɗaga shi sama, a ƙara masa girma, ya daɗe a mataki ɗaya. Amma a bakin ofis, a ɗaga ma'aikaci na nufin a tashe shi daga inda yake. Kuma a shekara ashirin da na yi ina aiki, ban taɓa ganin takarda mai yatsu haka ta zo da yabo ba, kullum kuka ce. Yabon naki yana shafi na biyu, ga alama wanda ya karanta bai juya ba. Ya rubuta a gefe da jan biro: "Iyaye ba sa son sa, a canza shi." Laifin ofis na nan, ba zan kare mu ba.

Na sami mai gidanmu na ofis na yi masa bayani. Ya yi salati, ya ce aikin gama ya gama, an riga an cike gurbin, sai dai a duba a ƙarshen shekara. Wato ko kin yi magana, Malam Hodi ba zai dawo yanzu ba.

Ba wanda ya san wannan a Argungu sai ke. Ni ba zan faɗa ba. Amma ki sani, ranar Laraba na ga Zuhura a ofis da jaririya a baya, ko arba'in ba ta yi ba, ta kawo takardar neman canjin wurin aiki. Ta gaishe ni har ƙasa, ta tambayi lafiyarki. Na kasa haɗa ido da ita.

Sauran ya rage naki. Allah ya ba ki ikon yin daidai.

Yayanki,
Musaddiq

*

Argungu, 2 ga Maris

Yaya,

Ina gaisuwa. Kwana uku na yi da takardarka cikin zane, ina cewa wa zai sani. Ranar Juma'a da anka taru a ƙofar makaranta, Alhaji Yari shugaban iyaye na cewa a rubuta sabuwar takarda a kori Zuhura, sai ya miƙo min biro. Ban karɓa ba. Na tashi na karanta musu taka, tun daga fari har ƙarshe.

Wata tsohuwa ta duba babban yatsanta ta ce, "Ashe da wanga munka kore shi." Wasu sun zage ni. An cire kwaɗo, Litinin za a koma aji. Na ajiye muƙamin sakatariya.

Sau biyu ina zuwa ƙofar gidan Zuhura ina juyowa. A ƙarshe takarda na ba Mubina ta kai mata. Kunya ta ishe ni, Yaya. Ka yi min addu'a.

Riskuwa

*

Argungu, 4 ga Maris

Riskuwa,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso. Na ji abin da kika yi ranar Juma'a, na san ba sauƙi.

Shekara nawa kina kawo min takardunki in duba miki kafin ki aika? Wannan kaɗai kika ɓoye min, don kin ɗauka ba na son Malam Hodi. Gardamar Asabar muka yi da shi, ba gaba ba. Da kin kawo, kalma ɗaya zan gyara.

Zagin gari bai dame ni ba kamar tabarmar da na shimfiɗa miki kusa da gadona ranar suna.

Tawa takardar na rubuta ta dalla-dalla, ba mai karanta ta a juye. A ɗaga ni na ce, kuma abin da nake nufi ke nan. An amsa. Ranar Alhamis za mu tashi zuwa Birnin Kebbi, mun sami gida a Badariya.

Ki ce wa Adawiyya ta zo ta karɓi littattafan da na ware mata. In kin ga dama ki rako ta. Yarinyar sunanta Ni'imatullahi, har yanzu ba ki ɗauke ta ba.

Zuhura