Tiyon da Kuka Wanke da Rayuwar Ƙanena Sani

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ke ɗura allurar sarar maciji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni tela ne a Ƙofar Marke, Sakkwato. Na je ofishin wakilinku har na gaji, mai gadi kawai nake gani, shi ya sa na rubuto a fili.

1. A daminar bara kububuwa ta sari ƙanena Sani yana ciyawa a gonar shinkafa. Muka kai shi asibiti da wuri, aka yi masa allurarku. Jini ya tsaya, kumburi ya fara sauka, har ya tashi zaune ya nemi fura. Washegari zazzaɓi ya rufe shi, yana rawar sanyi har gadon na motsi. Bai kai Juma'a ba. Likita ya ce ba dafi ya kashe shi ba, ƙwayar cuta ce ta shiga jininsa.

2. Bayan girbi muka ji a rediyo kun janye rukunin allurar nan. Mai harhaɗa magani na asibitin ya fahimtar da ni cewa ƙwayar ta shiga ne wajen ɗura ruwan a kwalabe, ta tiyon da ake wankewa a sake aiki da shi. Ya ce akwai jaka da tiyo da matata da ke zuwa a rufe, a tsarkake, a yi aiki da su sau ɗaya a zubar. Kun san da su, yallaɓai. A gabanmu ma'aikaciyar jinya ta ɓare sabon sirinji, ta jefar da shi bayan ta gama. Ita ta ta sauke nata nauyin. Cutar a cikin kwalbarku ta zo.

3. Sanarwarku ba ta ambaci mamaci ko ɗaya ba. Sani ya bar mata da 'ya'ya, kuma mahaifiyarmu har yau tana ce wa masu zuwa gaisuwa maciji ne. Na kasa faɗa mata gaskiya.

Ina roƙon ku daina ɗura allura da kayan wanki, ku sanar da jama'a ranar da kuka canza. Kuma ku turo mutum, ba takarda ba, ya zauna gaban tsohuwar nan ya faɗa mata da bakinsa.

Allah Ya ba ku ikon gyarawa, Ya tsare iyalanku daga kwalba irin wannan.

Wassalam.

Umaru Tela,
Ƙofar Marke, Sakkwato.