Tabon da Na Ɗebo Daga Rana

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga mahaifiyarta, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Rani biyu ke nan da rasuwarki. Na daɗe ina son in faɗa miki wata magana, kin kuma san bakina da nauyi, shi ya sa na rubuta.

Inna, idona na dama ya samu matsala, kuma ni na jawo.

Na shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare, kamar yadda kika so. Malamar kimiyyarmu, Malama Hassana, ta rufe mana tagogi wata rana, ta ajiye ɗan madubi a waje, ya cillo hoton rana a bangon aji. A jikin hoton akwai ɗigo baƙi. Bayan kwana uku ta sake yi, sai ga ɗigon ya matsa gefe.

Ta ce rana juyawa take yi. Tsakiyarta na zagayowa a kamar kwana ashirin da biyar, sama da ƙasanta kuwa sai sun haura talatin. Wannan rashin tafiya tare shi ke murɗe ƙarfin mayen ƙarfe da ke cikinta, yadda kike murɗe zani in kina matse wanki. Inda murɗin ya yi tsanani, nan tabo ke fitowa. Ta gargaɗe mu sau uku kada mu kalli rana.

Na so in tambaye ta ko kallon rana a cikin ruwa ma haka ne. Na ɗaga hannu rabi, 'yan aji suka juyo, na sauke.

Kin tuna ranar husufi, da kika ɗebo ruwa a ƙwarya kika tara mu a tsakar gida? Kika ce, "Babba ba a kallonsa ido cikin ido, a ƙwarya ake gaishe shi." Da wannan maganar na kafa hujja.

Kullum in na kai wa Baba abinci gonar tumatir, sai in tsuguna a bakin kanal inda ruwa ya kwanta, in rufe idon hagu, in yi ta neman tabon. Ruwan ba ya tsayawa sosai. Don haka na fara ɗaga kai ina kallon ranar kanta da la'asar, lokacin da nake ganin rana ta yi laushi. Ba ta yi zafi ba, Inna. Ko hawaye ban yi ba.

A kwana na huɗu na ga tabon. Na yi murna har na zana shi a bayan littafina. Washegari yana nan, bai matsa ba. Ranar da ta biyo ma haka.

Ranar da ake loda kwanduna, Baba ya sa ni tsince ruɓaɓɓu. Duk tumatirin da na ɗauka sai in ga baƙi a tsakiyarsa, in wurga gefe. Na tara tuli guda. Baba ya zo ya ɗauki ɗaya, ya juya, ya ɗauki wani, ya juya. Lafiyarsu ƙalau. Na ɗago don in ba shi haƙuri, sai na ga tabon a kan hancinsa.

Ya kai ni asibitin ido a Kano. Likita ta ce wani ɗan wuri can a bayan idon ne ya ƙone, babu maganin ɗigawa da zai taɓa shi. Zai iya raguwa cikin watanni, zai iya zama. Baba bai yi mini faɗa ba har muka dawo Kura. Da ma ya yi.

Ban faɗa masa zancen ƙwarya ba. Ba na son a ce ke ce. Ke minti ɗaya kika bari muka leƙa, kika zubar da ruwan.

A aji yanzu ina rufe idon da tafin hannu kafin in karanta allo. Malama ta mayar da ni benci na gaba. Ta daina fito da madubin, kuma 'yan aji sun san saboda ni ne.

Jiya na ɗauko hotonki na katin asibiti, wanda shi kaɗai muke da shi. Na gwada da idon dama. Mayafinki na nan, kafaɗunki na nan, fuskarki babu. Na matsar da hoton, na karkata kai, duk inda na bi ki tabon ya riga ni. Da na hagu na gan ki sarai. Shi nake lallaɓawa yanzu.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki kurakuranki. Ni kuma Ya bar mini wanda ya rage, in Ya so Ya mayar mini da ɗayan. Amin.

Taki har kullum,
Safiya