Alkawarin da Sa'adatu Ta Yi wa Masu Jego

Zuwa ga yayata Dije,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da addu'a daga ƙanwarki Rabi, tare da fatan Allah ya sa kina cikin rahamarsa. Mutanen gida duk lafiya. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kike, amma akwai labarin da kika fi kowa cancantar ji, shi ya sa zan rubuta shi a nan, duk mai son leƙe ya leƙa.

Labarin Sa'adatu ne, 'yarki da kika bar mini tana sakandare. Yanzu nas ce a asibiti, tana kuma digiri na biyu a fannin jinya. Har yau ba ta kallon babba ido cikin ido. In na yi mata faɗa sai ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Anti," in rasa inda zan kai sauran faɗan.

A kan wankan jego ta yi bincikenta. In ta taso daga aiki sai ta bi lungunan Mandawari da Madabo, ta zauna da masu jego a ɗakunansu, tana ɗaukar muryarsu a waya. Kafin kowacce ta buɗe baki sai ta yi mata alkawari cewa ba za a rubuta sunanta ba, kuma namiji ba zai ji muryarta ba.

Da wannan alkawarin suka faɗa mata abin da ni da ke muka sani amma ban taɓa gani a littafi ba. Wata ta ce surka ruwan take yi da na sanyi in uwar miji ta juya baya. Wata ta ce kunun kanwarta a rariya yake ƙarewa. Wata ta ce ta taɓa faɗuwa a banɗaki numfashi na neman ɗauke mata, ta ce wa mutanen gida santsi ne ya kwashe ta.

Sai ɗaya daga cikin malaman da aka ba su duba aikin ya rubuta cewa ƙirƙira ce, Sa'adatu ce ta zauna ta tsara maganganun. Hujjarsa ita ce shi ɗan cikin gari ne, ya san matan cikin gari, babu wadda za ta faɗi haka. Dije, mutumin da ranar da matarsa ta haihu iyakarsa zaure yana karɓar barka, shi ne ya san abin da ke faruwa a bakin tukunyar ruwan zafi. Hukuncin ƙirƙirar bayanai kora ce daga jami'a, kuma tabon zai bi ta har wurin aiki.

Kawu Sule ya ce a tara dattawa a je gidan malamin a ba shi haƙuri, kamar yadda ake yi. Ni kuma na riga na yafa mayafi zan tafi ofishinsa, kin san abin da zai biyo baya. Yarinyar nan ta tare mu duka biyun. Ta ce, "Kawu, in aka ba da haƙuri, an yarda na yi kenan." Ta juyo gare ni ta ce dokar makaranta ta ba ɗalibi 'yancin a saurare shi gaban kwamiti, kuma ya je da mutum ɗaya. "Anti, ke za ki raka ni. Amma ba za ki yi magana ba."

Ki ji fa. Ni da kike cewa bakina yana riga ƙafata shiga ɗaki.

Muka je. Kwamitin duk maza ne, mai zargin yana zaune a gefe. Ta rusuna ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, har da shi. Shugaban, wani dattijo mai taushin murya, ya ce, "'Yata, abin mai sauƙi ne. Kin ce kina da muryoyin. Kunna mana mu ji, kowa ya tafi gida."

Wayar tana hannunta. Ina kallon babban yatsanta a kanta, a zuciyata ina cewa kunna, don Allah kunna, su ji kunya.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba zan iya ba. Na yi musu alkawari namiji ba zai ji ba."

Mai zargin ya yi 'yar dariya ya ce, "Ai kun ji. Babu wasu muryoyi." Na damƙe jakata har farcena ya shiga fatar. Ita ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Malam, kai ka ce ɗan cikin gari ne kai. In ka gane muryar wata fa?"

Daga nan ta roƙi a samo malama mace ta saurara ita kaɗai, kuma a ba ta lokaci ta koma ta nemi iznin matan, don lokacin da ta yi alkawarin ba a yi maganar wata malama ba. Shugaban ya ce an yarda.

Ta sake bin gidajen nan. Wasu suka ce a'a, ta ce musu babu komai, ta ware nasu, duk da ta san duk muryar da ta ware hujjarta ce take raguwa. Na ce mata ta lallashe su mana. Ta ce ai muryar tasu ce. Wata kuwa a Madabo dariya ta yi ta ce, "In dai ba uwar mijina ce malamar ba, ta saurara har ta gaji."

Wata farfesa aka samo daga ɓangaren ungozoma. Ta rufe ofis, ta saƙala abin ji a kunne, tana bin rubutun tana sauraro. Da aka sake zama ta ce aikin na Sa'adatu ne, kalma da kalma. Mai zargin ya tambaye ta me matan suka ce. Ta ce, "Abin da ka karanta ka ce ƙarya ne."

An janye zargin, an sa mata ranar kare bincikenta bayan Sallah. Babu wanda ya ba ta haƙuri, kuma wannan har yanzu yana ci mini rai. Ɗalibi nawa ne aka yi wa irin wannan suka tattara kayansu suka tafi, don ba su san suna da 'yancin a saurare su ba, ko don an koya musu cewa kare kai gaban malami rashin kunya ne?

Na yi ta tunanin inda ta samo wannan hali, don ba daga wurina ba ne. Sai na tuna ɗakinki. Mata su shigo, ki saki labule, a yi ta ƙus-ƙus, wata ta fita tana share ido. In na tambaye ki me ya kawo ta, sai ki ci gaba da ninke kayanki ki ce, "Gaisuwa ta zo." Har kika rasu ban ji labarin ko ɗaya ba. Ashe yarinyar tana gefen gado tana kallo.

Yayata, ni na ciyar da ita, na kai ta makaranta, amma taki ce. Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya kai miki ladan wannan tarbiyya. Allah ya tsare Sa'adatu, ya rufa wa matan da suka amince da ita asiri, ya haɗa mu a Aljanna. Amin.

Ƙanwarki mai kewarki,
Rabi